Kunyar Inna da Bulalar Kabu-kabu

Ko na so in manta, bayana ba zai bari ba. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ina koyarwa a wata firamare a Ƙaura Namoda, in an tashi kuma in ɗan taɓa kabu-kabu da babur ɗina. Lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, ni ma har da ni a masu kabbara ranar da aka yi shelar.

Wata Asabar Innata ta zo daga Zurmi ganin likita, na ɗauko ta daga tasha. Ba mu yi nisa ba 'yan agaji suka tare mu. Na ce mahaifiyata ce. Suka juya suka tambaye ta ko ni ɗanta ne. To ni ne ɗan fari, kuma Inna tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta amsa ni a gaban mutane. Sai ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce yaron gidansu ne. (Yaron gidansu, da gemuna da 'ya'yana!)

Aka sa mini ranar zuwa kotu. Na nemi Barista Nasiru, abokina tun sakandare, wanda rigar lauyarsa ko wankin farko ba ta sha ba. Bai bari na kai ƙarshen labari ba ya katse ni. Wai alƙalan nan sababbin tsintsiya ne, ba sa son musu. In amsa laifi, a yi mini nasiha, in koma gida kafin azahar. Ya ƙara da cewa ai ba na so a ja tsohuwa kotu. Nan ya kama ni, don gaskiya ba na so.

Alƙali ya tambaye ni ko na ɗauki fasinja mace. Na dubi Barista, ya gyaɗa kai kamar ƙadangare, na ce na ɗauka. Nasihar da aka yi mini ta bulala ce, a filin kotu, ranar kasuwa, 'yan ajina na leƙe ta kan katanga. (Barista ya ce yana da wata shari'ar a Shinkafi, ko tsayawa bai yi ba.) Kafin in warke an dakatar da ni daga aiki, wai mai laifi ba ya tarbiyyar yara.

Wani dattijon lauya a Gusau ne ya zaunar da ni. Ya ce amsa laifi ba kabari ba ne: zan iya ɗaukaka ƙara tun lokaci bai ƙure ba, in nuna gurguwar shawara ce ta sa na yi iƙirari, in janye shi. In na ga dama kuma in kai ƙarar Nasiru gun shugabannin lauyoyi. Amma babu makawa sai Inna ta yi magana.

Ranar da aka zauna sauraron ƙarar da na ɗaukaka, abin da na sha bulala don gudunsa shi aka yi, aka tsayar da tsohuwa gaban jama'a. Alƙali ya tambaye ta. Idonta a ƙasa ta ce, "Ɗana na. Ni na haihe shi."

Aka wanke ni, aka mai da ni aji. Bulala kam ba a mai da ta, kuma har yau akwai tsofaffin ɗalibaina da ke kirana Malam Yaron Gida. Nasiru ban kai shi ƙara ba, kunya ta hana, kun ga ke nan ban warke daga cutar gidanmu ba. Haushinsa dai yana nan.

Abin da na koya shi ne, lauyan da bai ji labarinka ya ƙare ba, kada ka ba shi bayanka. Inna kuwa har ta rasu ba ta sake faɗin kalmar nan ba. Sau ɗaya na ji ta, kuma na san abin da na biya.