Firijin Gilashi da Faten Gwaggo

Ko da zan tsufa har in riƙa haɗa sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da firijin da na zaɓa da hannuna ya tsinka ni a gaban Gwaggo Asabe ba. Abin haushin ma shi ne babu wanda zan ɗora wa laifi. Na nema, na rasa.

A Samaru muke zaune a lokacin, shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun kowa. Ina koyarwa a firamare, maigidana, Baban Ummi, yana aiki a jami'a. Tsohon firijina na kayan ɗakina ne, tun daga Kano aka kawo ni da shi. Wutar nan da ake kawowa rabi-rabi ita ta cinye shi. Mai gyara ya zuba masa iska har ya gaji, rannan da tsakiyar bazara ya ce injin ya ƙone, in haƙura. Baban Ummi ya ce zai shiga Sabon Gari ya dubo wani, na ce a'a. Kayan ɗaki na mace ne, adashina zan ɗauka, kuma me namiji ya sani game da firiji ban da buɗewa ya sha ruwa? Bai yi musu ba. Shawara ɗaya ya ba ni: in samo mai ƙofa biyu, da wurin ƙanƙara da wurin sanyi, wanda zai shiga gurbin tsohon a kicin. Na ce ai na sani. Har na auna gurbin da zare, na ƙulle, na jefa a jaka (ku riƙe maganar zaren nan).

Na hau bas na sauka Sabon Gari, layin masu kayan Beljiyam, wato na hannu. Shagon wani Oga Sande na shiga, haifaffen unguwar Muciya, Hausa a bakinsa kamar ta Bazazzagi. Tun daga ƙofa ya naɗa min Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, kuma ban gyara masa ba. Ya nuna min farare masu ƙofa biyu, irin wanda aka ce in saya sak. Na ce wannan ya yi tsatsa a gindi, wancan ya yi kama da na kowa. Ya nuna min na kwance irin na masu sayar da ƙanƙara, na ce ni ba sana'a zan yi ba. Da ya ga ina ta yatsina, sai ya yi murmushi, ya fita ya ja janareto.

Can ƙuryar shagon wani dogon abu baƙi da na ɗauka madubi ne ya kama da haske. Ashe firiji ne. Ƙasa gidan ƙanƙara, sama ƙofar gilashi mai duhu, da doguwar fitila a ciki mai haska kowane bene. Na tsaya baki buɗe.

"Hajiya, irin wannan ba kowane gida yake shiga ba," in ji Oga Sande. "In babu wuta kuma ga madubi kin samu kyauta."

Na zaro zarena na gwada. Firijin ya fi zaren da kusan kamu guda a tsaye, a faɗi ma ya ɗara. Mai hankali a nan zai ce a koma kan fararen. Ni kuwa sai na naɗe zaren na mayar jaka, na ce wa kaina wataƙila ban auna daidai ba. Gaskiyar magana, matan unguwarmu nake hangowa tsaye a gabansa suna salati.

A-kori-kura ta kawo shi. Ko ƙofar kicin bai shiga ba, balle gurbin. Aka juya shi ta kai, aka juya ta gefe, aka kankare min fenti, a ƙarshe aka girke shi a falo kusa da talabijin. Baban Ummi ya dawo daga ofis, ya zagaya shi, ya tambaye ni ko kanti za mu buɗe. Na ce masa bai san kaya ba.

Ba a jima ba na fara gane abin da na jawo. Kowace matar gida tana da tsarinta na baƙi, ko ta faɗa ko ta ɓoye: akwai na lemon kwalba, akwai na zoɓo, akwai na ruwan leda. Ƙofar ƙarfe ke rufa wa tsarin nan asiri. Yanzu kuwa in na miƙa wa baƙo zoɓo, sai in ga idonsa ya tsallake kafaɗata ya sauka a kan kwalaben maltina. Maƙwabta masu kawo ajiyar nama kuma kowa ya san girman ƙullin kowa. Duk wannan na shanye, na ce sabo ne.

Sai maganar Gwaggo Asabe. Ƙanwar mahaifin Baban Ummi ce, ita ta riƙe shi tun yana yaye, a unguwar Jushi take zaune. Da aka kawo ni ba ta wani sake da ni ba, wai an je an ɗauko 'yar boko, Bakanuwa kuma. Ranar da na fara zuwa gaishe ta ta zubo min fate, tsakin masara da rama da yakuwa da gauta, irin wanda Zagezagi ke ji da shi. Ni kuwa fate ko a gidanmu ba na ci, ɗacin gauta har ƙeyata nake jin sa. Amma don neman shiga na runtse ido na haɗiye, na kuma ce ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Fuskarta ta washe. Daga ranar na zama 'yarta, kuma daga ranar kowace Juma'a ɗan acaɓa zai kawo samira mai furanni cike da fate, wai na 'yar Kano ne. Baban Ummi ke cinyewa, ni in wanke samira, in sa sabulu ko 'yan ƙwai a ciki, in mayar da godiya. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, kowa na farin ciki.

A satin da nake ba ku labari, aiki ya kai Baban Ummi Kaduna. Fate ya zo ranar Juma'a kamar kullum. Zubar da abinci ba kyau, ci kuma ba zan iya ba, sai na ɗora samirar a benen sama na firijin, in ya dawo ya ɗumama.

Washegari da la'asar na ji sallamar Gwaggo. Barkar haihuwa ta zo yi nan Samaru, ta biyo. Tun safe babu wuta, na saki labule saboda zafi, firijin nan ya koma baƙin madubinsa, ba a ganin komai sai inuwar mutum. Ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, tana dafa gwiwarta mai ciwo. Na kawo mata zoɓo, na ce ta yi haƙuri, tun da maigidan ya yi tafiya babu ko kwalbar lemo a gidan (kwalaben na baƙin ofis ɗinsa ne, ina lissafe da su). Ta ce ba komai. Sai ta tambayi fate.

Da na ce ya yi daɗi na yi shiru, da sauƙi. Amma bakina ba ya tsayawa inda ya kamata. Na ce tun kafin ɗan acaɓa ya juya na zauna a kansa. Na ce ko Ummi ban ɗiba wa ba. Na ce har da yatsa na suɗe gindin samirar, na jiya ma ya fi na kullum, gautan nan ya ji daidai. Tana ta murmushi tana cewa Allah ya yi min albarka. Da ta ce in ba ta samirarta tun da ga ta ta zo, ban ko ƙifta ido ba na ce maƙwabciya ta ara, gobe zan aika.

Ban rufe baki ba na ji ihun yara a waje, an kawo wuta. Fanka ta fara juyawa. Firijin ya yi gurnani, fitilar nan ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, sannan ta kama tar.

Jama'a, ko a shagon Oga Sande bai yi haske irin na ranar ba. Ga kwalaben maltina a jere. Ga rabin kaza. Can sama kuma, daidai ƙarƙashin fitila, ga samira mai furanni.

"Wutan ya dawo," in ji Gwaggo a hankali, idonta na kan gilashin.

Na yi addu'ar a sake ɗaukewa. Mutanen da ke ɗauke wuta ana tsakiyar guga, ranar sai suka ga dama suka bar ta. Gwaggo ta dafa kujera ta miƙe, ta taka har gaban firijin, ta buɗe, ta sauko da samirar, ta ɗaga murfi. Ko cokali bai taɓa shiga ba.

"Tun asuba na tashi na gyara raman nan," ta ce. "Ashe duk shekarun nan ɗana nake aika wa."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ƙulle samirar a gefen mayafinta, ta dubi kwalaben, ta dubi kofin zoɓon, ta ce a gaida maigidan in ya dawo. Na raka ta bakin titi ina bin bayanta kamar an tsoma ni a ruwa.

Da Baban Ummi ya ji labari ya yi dariya har da tari, daga baya kuma dariyar ta ɗauke, don ya san Gwaggonsa. Juma'a ta zo babu ɗan acaɓa. Wata Juma'ar ta zo, shiru. Ni da nake jin haushin ƙarar babur ɗin nan, sai ga ni ina leƙa taga. Abin ya dame ni ƙwarai, don matar nan tsakani da Allah take so na.

Da na ga ba sarki sai Allah, na ɗauki kwalaben nan gaba ɗaya na nufi Jushi. Ta amsa gaisuwata a daƙile, ta shiga ciki, ta fito da kwano shaƙe da fate ta dire a gabana, ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna tana kallona. Na ci. Ina gumi ina ci, hawaye na taruwa ina ci, har na ga gindin kwano. Sannan ta tambaye ni ko ya yi daɗi.

Na ce, "Gwaggo, gautan ya yi min ɗaci."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana dafa gwiwa. "Yau dai Bakanuwa ta faɗi gaskiya," ta ce.

Juma'ar da ta biyo samira ta dawo, babu gauta ko ɗaya a ciki, kuma ni na cinye abina. Firijin kuwa na ɗinka masa labule da ragowar atamfa, ya yi shekaru a falo sanye da zane. Yanzu duk 'yar da ta zo neman shawarar sayen firiji, abu biyu nake gaya mata: ta yarda da zarenta, kuma in ta san bakinta irin nawa ne, ta sayi mai ƙofar ƙarfe.