Kunnen Aro

"Lafiya lau, sai kewar matata da ta yi yaji ta bar ni da ƙurar shago."

"Wa ya ce maka yaji na yi? Hutu na ɗauka, idona ya gaji da ƙyallin sanƙo."

Ina zaune a kan bencin shagon Tsoho lokacin da shi da jikarsa suka fara wannan gaisuwar ta wasan kaka da jika, kuma ni ba dariya ce ta kawo ni ba. Tela ce ni, mai gajen haƙuri, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara ashirin da ɗoriya Tsoho ne ke gyara min keken ɗinkina. Amma a wannan watan sau uku ina kawo shi, sau uku ina mayar da shi gida yana tsinke min zare da zarar na sa gudu, ga kayan 'yan makaranta jibge suna jirana. Na sake kawo shi karo na huɗu, amma ranar na zo ne in ɗauke kekena in kai wa wani.

Matsalar ita ce da kunne Tsoho yake aiki. Yana da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako, sai ya dafa bakinta a jikin keke, ya manna ƙotar a kunnensa, ya ce ki taka. Kafin ki yi taku goma ya faɗa miki ciwon. Ba wanda ya isa ya taɓa wannan sukudirebar, har 'ya'yan cikinsa. To kunnen ne ya tafi. Magana yana ji in an ɗaga murya, amma siririn kukan ƙarfe ya daina isa gare shi. Teloli suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Kantar da a da take ɗaukar kawunan keke ashirin, nawa kaɗai ya rage a kanta. Babban ɗansa ma ya riga ya faɗa min cewa ranar da keken ƙarshe ya fita za su sa wa shagon kwaɗo, su kai shi gida ya zauna. Na sani sarai, kuma abin yana cina, amma tausayi ba ya ɗinka riga.

Ina cikin haɗa kalmomin da zan faɗa masa ne jikar tasa ta shigo da jaka a kafaɗa da 'yar kwalba a hannu, suka yi waccan gaisuwar. Man keke ya aike ta saye tun shekaranjiya.

"Miƙo in gani," in ji shi. Ya ɗaga kwalbar sama yana kanne ido. "Wannan man keke ne ko ragowar man kitsonki kika ɗuro min?"

"Da man kitso ne ai da na shafa maka a ka, ko Allah zai sa gashi uku su tausaya su dawo."

"Kwana biyu ana sayen kwalba ɗaya! Da kunkuru na aika da ya je ya dawo har ya yi wanka."

"To auri kunkurun mana. Kun ma fi dacewa, ga wuya iri ɗaya."

"Ji min yarinya! Ni da 'yan mata ke layi a ƙofar shagon nan?"

"Na gan su da zan shigo. Akuya ce ɗaya, ita ma inuwa ta kawo ta."

Na so in gimtse, dariyar ta ƙwace min. Tsoho ya juyo wajena yana nuna ta da yatsa.

"Kin san aikin wannan kuwa? Mun kai ta makaranta har ta ƙure, ta fito da takarda mai hatimi, sai ta je ta zauna a wani ɗaki da igiya a kunne tana amsa waya. Daga safe har yamma: ku yi haƙuri, ku yi haƙuri. Shekara shida tana ba mutanen da ba ta yi wa komai ba haƙuri. Ni da take yi wa laifi kullum, ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni ba."

"Kai fa? Shekara hamsin kana likitan ƙarfe, akwai majinyacin da ya taɓa buɗe baki ya ce maka an gode?"

"Babu. Amma babu wanda ya taɓa zagin iyayena ya kashe waya."

"Don ba ka jin zagin ne."

Ta faɗa da wasa, amma na ga ta ciji leɓe. Shi kuwa ya yi kamar maganar ta wuce ta bayan kansa. Ya ajiye kwalbar, ya dubi agogon bango, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Tsaya tukuna, amarya. Yau Talata, ga shi goma ta gota. Wa kika bar wa ba da haƙurin?"

Ta kama wasa da igiyar jakarta.

"Na'ura," ta ce. "Sun sa na'ura mai magana. Mu arba'in aka sallama, yau sati biyu."

"Uwarki ta sani?"

"Kullum da safe ina saɓa jaka in fita. Me zan ce mata?"

Allah sarki. Sai na ji kunyar dariyar da na yi. Tsoho ya daɗe yana murza gemu, sannan ya buga tebur.

"Je ki ɗauko min na'urar nan. Noti biyu zan kwance mata, ta koma yi wa mutane kukan jaki."

"Kai da rediyonka ma ya gagare ka?"

"Rediyon nan da gangan na bar shi, ya cika surutu irin naki."

Ta yi dariya tana goge ido da bakin mayafi. Ni kuma na ga idan na biye musu rana za ta faɗi ban yi abin da ya kawo ni ba. Na ce, "Baba, kekena fa."

"Yanzu kuwa, 'yata. Yau ɗin nan zai san da wa yake."

Ya ɗora kan keken a teburinsa na gwaji, ya sa bel, ya ce in taka. Na taka. Ya ɗauko sukudirebar, ya dafa, ya manna kunne, ya rufe ido. Na daɗe ina takawa ina kallon fuskarsa, kuma ban ga komai a cikinta ba sai wahala. Da ya buɗe ido ya ce, "Bel ne."

Sau biyu ya canza bel ɗin nan a cikin wata guda. Na buɗe baki zan yi sallamar da na zo yi, sai yarinyar ta riga ni.

"Anti, ci gaba da takawa. Keken nan naki yana da wani ɗan tari."

"Ke kuma a su wa?" in ji Tsoho. "Yaushe mai ba da haƙuri ta zama likita?"

"Tun ranar da likitan ya koma duba. Shekara shida mutum na min ihu a kunne, a bayan ihun ina jin fankarsa na juyawa, ina jin jaririnsa na tari a ɗaki. Kunnena ya ci wuya, malam, ba irin naka na ado ba. Ba ni sandar nan."

"Ki taɓa ta in sake ki!"

"Saki na nawa ke nan? Na daina ƙirgawa tun ina aji uku."

Kafin ya ankara ta zare ta daga hannunsa. Na zaro ido, don na taɓa ganin ya kori babban mutum daga shagon a kan haka. Ta dafa bakin sukudirebar a saman keken, wajen da ake ɗora zare.

"Kai, kai, kai! Dubi inda ta sa! Mai ciwon ciki ya zo, kin kama duba masa hula. Ƙasa, sakarya, ƙasa!"

Ya kamo hannunta da kansa, ya kai shi ƙarƙashin farantin allura, kusa da gidan kwarkwaro, inda zaren ƙasa yake. Ya danna mata ƙotar a jikin ƙashin kunne. "Nan. Rufe ido. Rufe bakin ma, in zai rufu."

Na taka a hankali. Ta girgiza kai. Na sa gudu.

"Ga shi nan! Ƙis, ƙis, ƙis. Kamar cokali na taɓa kofin gilashi."

Tsoho ya matso har gemunsa na taɓa kafaɗarta. Wasan ya bar muryarsa. "Kowane zagaye?"

"Sai ta sa gudu."

"Allura na sauka ne ko tana tashi? Buɗe ido ki duba."

Ta duba, ta sake saurarawa. "Tana tashi."

"Tsaya, 'yata!" ya ce da ni. Ya kwantar da kan keken, ya zare kwarkwaro, ya zura farcen babban yatsansa yana bin bakin 'yar ƙugiyar da ke ɗauko zare. Sai ya yi tsaki mai daɗi. "Munafuka! Ashe nan kika ɓuya." Ƙugiyar ce ta gota da kaurin gashi, allura na dukanta in an sa gudu, har ta yi mata kaifin da ke yanke zare. Ya sassauta ƙusoshi biyu, ya matsar da ita, ya ɗaure, ya goge kaifin, ya ɗiga man da aka sha faɗa a kansa. Hannun nan nasa ko rawa bai yi ba.

Na sa ƙyalle na taka da duk ƙarfina, irin takun mai jin haushi. Na kai ƙarshe na juyo, na sake juyowa. Zare bai ce uffan ba.

"Ya yi shiru," in ji yarinyar, sukudireba na kunnenta.

Tsoho ya koma kujerarsa ya zauna yana goge yatsu da tsumma. "Shekara biyu rabona da jin wannan ƙis ɗin," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Na sani, Kaka."

"Kowa ya sani?"

Ni ya kalla. Na sunkuyar da kai ina gyara ƙyallen da ba abin da ya same shi.

"To," ya ce, ya gyara murya. "Ni dai ba na ɗaukar mai jan farce aiki."

"Wa ya roƙe ka? Ni ma ba na aiki a ƙarƙashin kurma."

"Aron kunnen fa? Na 'yan kwanaki, kafin nawa ya dawo daga tafiya."

"Ba na ba da aro. Musaya nake yi. Ka zuba min abin da ke cikin hannun nan naka, kaf, har wanda ka hana babana."

"Babanki ai hannun hagu biyu gare shi! Ke ma sai kin shekara kina wanke noti kafin ki san sunansu."

"Na yarda. Amma duk ranar da ka min ihu, kai za ka ba da haƙuri. Ni na gama nawa."

Nan ya fashe da dariya har da tari, yana dukan gwiwa. "Kin ci, 'yar banza, kin ci! Je ki gaya wa uwarki kin samu aiki wajen mijinki. Gobe bakwai."

Na naɗe kan kekena a zani na rungume, ina lissafa telolin da zan bi gida gida in ba labari kafin azahar. Kantar shagon ta zama wayam, amma ba wanda zai kawo kwaɗo. Ina bakin ƙofa na ga ta goge sukudirebar da mayafinta, ta miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Ya tura mata ita da bayan hannu.

"Riƙe abinki," ya ce. "Shekara biyu tana min magana ba na amsawa. Ke da kika iya, ki ba ta haƙuri."