Rasuwar Atuk Mai Gemun Waya Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, Uwargida Thevaki Muniandy, mai kula da tanderu na huɗu a wata masana'antar ƙwaƙwalwar na'urori da ke garin Bayan Lepas, tana sanar da rasuwar Atuk, faifan silikon mai awon zafi, wanda ya cika ranar Juma'a da hantsi bayan shekara goma sha ɗaya yana bakin aiki.

Marigayin dattijo ne mai gemun waya tara. Da su yake shiga wuta mai digiri dubu, ya kwanta inda fayafayan sayarwa ke kwanciya, ya faɗi zafin kowane gefe ba ƙari ba ragi. Bai taɓa duba fuskar manya kafin ya yi magana ba. Muryarsa ke nan, ɗan "tit-tit" na akwatin da ke buga awonsa a takarda.

Jinyarsa ta fara ne da zuwan sabon manaja, Encik Fadzli, wanda ya kawo wani idon na'ura mai leƙen zafi ta taga, shi ba ya shiga wuta. Ido ya ce tanderu lafiya lau. Atuk ya ce gefen hagu ya gaza da digiri shida. Aka bi ido, tunda shi ne sabo, kuma shi ke faɗin abin da ake son ji. Fayafayai saba'in da biyar suka fito gefensu ɗanye. Aka ce sakacin Thevaki ne, aka sa ranar Litinin don zaman da zai yanke ko za a kore ta.

Ranar Juma'a ta sake tura Atuk wuta ya ba da shaida. Fitowarsa ke nan manaja ya iso.

"Yallaɓai, bari ya huce mana," in ji ta. "Minti ashirin ne kawai."

"Haba Yaya, a kan wannan tsohon murfin tukunyar? Kawar min da shi, layin shinkafar nasi kandar a kantin ba ya jiran kowa."

Bai ma jira ta ba. Ya sa hantsaki ya ɗauke shi, ya dangwara a kan teburin ƙarfe mai sanyi ƙalau, abin da ko mai goge ƙasan ɗakin ya san ba a yi. Atuk ya ce "ƙas", bai ƙara ba. Manajan, mai digiri biyu daga ƙasar waje, ya dubi gawar ya ce ai da ma ya tsufa.

Marigayin ya bar wayoyi tara marayu, da akwati da ya yi shiru, da tanderu mai ciwon gefe, da ido wanda har yanzu rantsuwa yake komai daidai ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a kwandon fasassun fayafayai. A zo cikin fararen kaya da safar hannu. Mai kuka ya yi a waje, hawaye ƙazanta ce a ɗakin. Zaman makoki a kantin ma'aikata, akwai shayin madara. Ana roƙon Encik Fadzli kada ya wahalar da kansa da ɗaukar gawa, hannunsa ya riga ya yi nasa aikin.

Da yake yallaɓai na sauri, bai lura akwatin ya gama buga takarda kafin marigayin ya cika ba. Digiri shida na nan, da kwanan wata da lokaci. Thevaki za ta karanta wasiyyar ranar Litinin a gaban manyansa, kuma an tanadar masa kujerar gaba.