Tishu a Zauren Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da sayayyar da na yi a shekarar korona ba. Ko na so in manta ma, mutanen Gafasa ba za su bar ni ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Gaya, matata Sa'adatu kuma ta tafi gidan iyayenta a Gafasa, can ƙasar Ajingi, don haihuwar fari. Allah ya sauke ta lafiya, muka samu 'ya mace, a daidai makon da aka fara raɗe-raɗin za a kulle Kano, ba shiga ba fita. Ragon suna dai tuni na tura. Abin da ya rage a wuyana shi ne kayan jego, kuma duk wanda ya yi aure a wajenmu ya san da su ake gane ko miji ya san ciwon matarsa. Ni kuwa dama kallon ɗan boko ake yi mini a gidan, wanda bai iya riƙe fartanya ba sai waya. Na ƙudura a raina cewa wannan karon sai sun sara mini.

Sa'adatu ta kira ni da muryar wadda ba ta samu barci ba.

"Malam, Inna ta ce itacen wanka ya kusa ƙarewa. Sai kanwa da kayan yaji, da ɗan abin da za a yi farfesu. In aka rufe hanya ba mu san ranar buɗewa ba."

Na ce, "Ke dai ki bar mini komai. Ku a nan ba ku san halin da duniya take ciki ba."

(Ni ne na sani. Ni da idona ya yi jawur saboda kallon bidiyo a waya.)

A bidiyon nan na ga Turawa suna kokawa a manyan kantunansu, mata na fincikar juna, maza na ture tsofaffi, duk a kan abu ɗaya: tishu, takardar nan mai laushi ta bayan gida. Sai na yi wani lissafi da har yau nake mamakin kaina. Na ce mutanen da suka ƙera jirgin sama ba za su yi dambe a kan abin banza ba, lalle akwai abin da suka hango. Ban tsaya na tuna cewa tun da na yi wayo buta ce ke raka ni, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar da na shiga kasuwar Gaya ba masaka tsinke. Jama'a sun yi dafifi wajen masu awo, ana ta sayen gero da gishiri da manja. Na wuce su ina tausaya musu. Mai kanwa ya ƙwala mini kira, na ɗaga masa hannu alamar zan dawo, na nufi wani babban kanti da ke bakin titi. Da na ga tishu jibge har rufi ba mai ko kallonsa, sai murna ta kama ni. Na ce a raina mutanen Gaya ba su farga ba tukuna.

"Duka za ka kwashe?" in ji mai kantin. "Malam, otal za ka buɗe?"

"Alhaji, kwana kaɗan za ka yi da-na-sanin sayar mini."

Bai yi mini gardama ba. Da kansa ya kakkaɓe musu ƙura, har ragi ya yi mini ban roƙa ba, abin da ya kamata ya sa in yi tunani. Na ƙara da man wanke hannu mai ƙamshin lemo, da kwalin biskit, da takunkumin fuska kala-kala don kowanne ya dace da hulata (cuta cuta ce, amma ai ba a bar ado ba). Sai da na fito na tuna da mai kanwa, na shafa aljihu na ji wayam. Na lallashi kaina da cewa itace da kanwa ai ba sa wuya a ƙauye.

Tishu ba shi da nauyi, amma akwai cin wuri. Adaidaita sahun da na ɗauka ya cika maƙil har da ɗauri a sama, ni kuwa na takure a gefen direba, ƙafa ɗaya a waje. Muna tsayawa a ƙofar gidan surukaina a Gafasa, Gwaggon Sa'adatu ta leƙo ta ga tulin kaya, ta rangaɗa guɗa. Wallahi na ji daɗin guɗar nan har cikin raina. Na gyara zaman hula.

A zaure na tarar da surukina, Baba, mutum marar yawan magana, da maƙwabtansa 'yan kaɗan da suka zo barka, sai kuma kakan Sa'adatu da kowa ke kira Tsoho. Shi Tsoho tun ranar ɗaurin aure yake cewa na ƙwace masa mata, irin wasan kaka da mijin jika, kuma ba ya raga mini. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe su, takunkumina a fuska.

"A'a, mai ƙwacen mata, ashe dai kana da abin hannu," in ji Tsoho. "Kada a shiga da kayan nan. A sauke a nan in ga abin da ka kawo wa matata."

Aka sauke. Ya miƙa hannu ya ɗaga ƙunshi guda, ya jijjiga shi, ya farke ledar. Ya kama bakin takardar ya fara ja, tana warwaruwa, har ta taru a cinyarsa fari fat.

"Rawani ne?"

"A'a, Tsoho."

"To ci ake yi ko sha? Ko a kunu ake zuba wa mai jego?"

"Takarda ce," na ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ta tsafta."

"Madalla da tsafta. Tsaftar ina?"

Ku fahimce ni. Tun da na auri 'yar Baba ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yau ga ni durƙushe a zaurensa, ana so in faɗi da bakina inda ake kai takardar nan. Gumi ya keto mini har cikin takunkumi. Na saci kallon Baba, na ga ya duƙufa a kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ta bayan gida ce," na ce da ƙyar.

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Ta bayan gida ce!"

"To, to. In mutum ya shiga sai ya yi me da ita? Kai malami ne, koya mana yadda ake yi."

Wani maƙwabci ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Wani ya ce tari ya sarƙe shi, ya fice waje, muna jiyo irin tarin da yake yi. Baba ya miƙe a hankali, ya yi gyaran murya, ya ɗauki butarsa ya fita. A duk abin da na saya ranar, takunkumin nan ne kaɗai ya yi mini rana, don ya rufe mini rabin fuska.

Ina cikin wannan hali Gwaggo ta leƙo daga cikin gida. Inna, surukata, ba za ta yi mini magana kai tsaye ba, shi ya sa ta aiko ta.

"Malam, an ce a tambaye ka, kanwar tana wane ƙunshi ne? Itacen kuma yana tafe a baya?"

Daga can ciki na jiyo kukan jaririyata, karo na farko da na ji muryarta, kuma a nan abin ya daina zama abin dariya a wajena. Uwarta na buƙatar ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, ta faɗa mini da bakinta, ni kuma na zo mata da abin da Turawa ke so. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta zauren ciwo.

Da na fito na hango Baba ya ɗaura wa shanu amalanke, gatari a kafaɗa, zai tafi gona cikin ranar nan mai ƙuna. Na bi shi da gudu, da shaddata da komai, na karɓi gatarin. Bai hana ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Da ya ga yadda nake sara, abin da ya ce kawai shi ne, "Sassauto da hannunka ƙasa, Malam." Muka dawo da itace cike da amalanke, tafin hannuna duk ya yi ƙulu-ƙulu. Kanwa da kayan yaji maƙwabta ne suka haɗa, wanda ke nufin kafin la'asar labarin ya gama unguwa.

Da aka ba ni izinin shiga in ga mai jego, na samu Sa'adatu na dariya tana riƙe ciki, tana roƙona in daina yi mata wannan fuskar don dariyar na yi mata zafi.

Na ce, "Ni Tsoho ne ya ba ni tausayi. A shekarunsa bai taɓa ganin tishu ba."

"Wa? Tsoho? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gadi a otal a Legas? Ai shi ya fara ganewa tun kana sauka daga adaidaita."

Tishun dai bai tafi a banza ba, da shi aka riƙa hura wutar wanka, kuma Inna ta aiko a ce mini ba laifi, yana saurin kamawa.

Tun daga ranar, duk abin da na ɗauka a kanti sai na tsaya na tambayi kaina ko zan iya bayyana amfaninsa a gaban surukina da babbar murya. In na ji gumi ya fara tsattsafo mini, sai in mayar da shi inda na ɗauko.