Baƙin Zobon Layin Gabas

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen ƙanwata Zulai ba. Ni ce babbar yaya, malamar makaranta a Funtuwa, kuma a lokacin gani nake duk garinmu Mabai babu wanda ya kai ni sanin abu (ciwon ya ɗan yi sauƙi yanzu, amma bai warke ba).

Tun da kaka na fara shiri. Na zo hutu na tarar an kwashe masara, saura yakuwa tsaye a gefen gonarmu da ke bayan gari. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, sai tamu ta fito ƙanana, jan ma a koɗe. Baba ya tafi kasuwar Yankara, Inna na fama da ƙafa, sai na ɗauki buhu na ce ni zan tsinko. Inna ta ce, "Kin san gonar kuwa?" Na ce, "Haba Inna, gonar ubana?" Alhali rabona da ita tun ina firamare.

Ina cikin tsinka na hango wani layi can gabas, kusa da itacen ɗorawa. Wayyo! Manya-manya, ja har ya koma baƙi-baƙi, sai sheƙi yake. Na ce lallai Baba ya iya ɓoye abu mai kyau. Na bi layin nan kaf, ko ɗaya ban bari ba. Na zo gida na ɓare, na shanya zobon, na tura wa Inna gurguzun, wato ƙwayar irin, duk a kwano ɗaya. Sai na shiga gwaji: kashi biyu na koɗaɗɗen, kashi ɗaya na baƙin, ga citta, ga kanumfari, ga ɓawon abarba. Abin ya yi daɗi, wallahi ya yi. Har suna na sa masa, wai "Haɗin Gidanmu".

Bayan wata biyu ranar lefe ta zo. Wadda ta jagoranci matan dangin ango ita ce gwaggonsa, Hajiya Dije. Ita ta raine shi, kuma kowa ya san in ta ce ba a auren nan, to ba a yi. Inna ta ja mini kunne tun da safe: ki gaishe su, ki ajiye abin sha, ki fita. Ni kuwa ina!

Na zuba wa kowa, na durƙusa na gaishe su, sannan na gyara zama kamar ina gaban aji. Na ce wannan ba zobon kasuwa ba ne, daga gonarmu yake, da hannuna na tsinko. Na yi musu bayanin ɗaukewar ruwa, na yi na haɗi. Hajiya Dije ta kurɓa, ta ɗaga kofin ta duba a hasken ƙofa, ta sake kurɓa.

Ta ce, "Ɗiyata, wannan baƙin, ina kunka samu irinai?"

Maimakon in ji ƙararrawa, sai na ji yabo. Da gudu na shiga ɗaki na ɗebo busasshen a tafin hannu (ku ji fa, ni da kaina na kawo shaida). Na ce, "Ga shi Hajiya, namu ne na gado. Layin gabas, wajen ɗorawa."

Inna ta sunkuyar da kai. Wata daga cikin baƙin ta sa gyale ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Hajiya ta juya zobon a hannunta ta ce, "Na gado ne kam. Wajen uwata na gaje shi. Ɗorawar nan ita ce iyaka, layin nan nawa ne, na bar shi ya ƙosa don iri. Wata biyu ina cigiyar ɓarawo. Allah ya isa kuwa na yi ta ba adadi, ashe malamar makaranta nika yi wa."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Ba kunyata kaɗai ba, Zulai nake tunani, tana can ƙuryar ɗaki tana jin komai, ga akwatunanta a buɗe a tsakar ɗaki, ga yayarta ta tabbata ɓarauniyar surukai a gaban shaidu. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "In ƙaro miki, Hajiya?"

Nan fa dariya ta ɓarke. Hajiya ba ta yi ba. Ta dubi Inna ta ce, "Zobo an sha, ya wuce. Ina gurguzuna? Shi ne abin da ya rage mani na tsohuwa."

Inna ta tashi da ɗingishinta ta ɗauko kwanon. Allah ya taimake ni ba ta kai ga yin daddawa da shi ba. Sai dai na riga na cakuɗe namu da nata, kuma ƙwayar duk kamarsu ɗaya, ba mai iya rabewa. Da na ga idon tsohuwar nan ya kawo ruwa, sai na ji dariyar da ake mini ba komai ba ce. Na matsa gabanta na ce ta yafe mini, kuma da gaske nake.

Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta ce, "Aure ba fashi, yarinya ba ta yi mani komi ba. Ke kuwa, in damina ta sauka ki zo ki shuka shi duka. Wanda ya fito baƙi ki ɗaura mashi tsumma. Ran da kinka kawo mani irina tsantsa, ran nan zan janye Allah ya isa."

Haka aka yi. Duk ƙarshen mako ina kan hanyar Funtuwa zuwa Mabai, ina noma, ina cirar ciyawa, ina korar awaki, matan gari na wucewa suna "Sannu Malama, ya aji?" Sai da kaka na kai mata rabin tiya na irinta tsantsa. Ta zuba a hannu ta shinshina, ta ce ta yafe duniya da lahira, ta ƙara da cewa in rubuto mata yadda na yi haɗin nan, don ya fi nata daɗi.

Tun daga nan na koyi abu ɗaya: kafin in ce "namu ne", sai na tambayi Baba inda namu ya tsaya. Har yau in na je gidan Zulai aka kawo abin sha, mijinta sai ya matsar da kofinsa gefe ya ce, "Yaya, wannan nawa ne, ga iyaka nan."