Gwiwar Ɗantala da Kuɗin Harajinmu

Jiya Asabar na ƙona man mota tun daga Summerfield har East Greensboro, a nan ƙasar Turawa da muke zaune, don in kalli dambe, na dawo gida ban ga naushi ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne inda harajina ke tafiya.

Maƙwabcina Ɗantala ne ya ja ni. Ɗan mahauta ne daga Gusau, direban babbar mota, shekararsa hamsin da takwas. Nan da mako uku za a yi masa aikin kafaɗa, likita ya ce daga nan hannun dama ya yi ritaya. Burinsa ɗaya tak: ya naɗe hannu sau ɗaya a taron al'adunmu, 'ya'yansa masu amsa masa da Turanci su ga abin da kakansu ya yi suna da shi. Boukari, mutumin Maraɗi mai gyaran mota, ya yarda su kara.

Ashe a nan ba a naushin mutum sai da izini. Wata biyar Ɗantala yana zarya wajen Iyayen Hatimi, wato jami'an hukumar ba da izinin wasanni, Allah ya ja zamaninsu. Fom, lasisi, inshora, awon jini, awon ido. Da suka ji hannu ɗaya ake naɗewa, sai da kwamiti ya zauna sau uku, kowane zama da abincin rana, kafin a yafe wa hannun hagu.

Ranar wasa suka zo da likita, da motar asibiti, da sufeto biyu, da mai riƙe agogo, duk don dattawa biyu masu tumbi. Na tambayi sufeto ɗaya wa ke ɗaukar nauyin wannan gayya. Ya ce kuɗin lasisi ba ya isa, sai an cika daga asusun jiha. Na gode masa, don ban taɓa sanin ni ne mai masaukin ba.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ɗantala ya miƙa hagu, ya ja dama baya, suna zagaya juna, kalangu na tashi daga lasifika. Daidai nan Babban Uban Hatimi ya shigo da mai hotonsa, yana neman hoton rahoton shekara. Ɗantala mai tarbiyya ya hango mutumin da ya sa masa hannu bayan wata biyar, kawai ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa."

A dambe, in gwiwa ta taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Boukari dai mutumin kirki ne.

"To, Malam Ɗantala, ni ban taɓa ka ba," in ji shi. "Tashi mu sake."

Sufeto ya ce a'a. Ɗan wasa ya faɗi babu naushi, a takardarsu wannan alamar suma ce, hutun dole na kwana talatin. Hajiya Rakiya, matar Ɗantala, ta matso.

"Ofisa, gaisuwa ce fa. Haka muke gaida manya."

Ya duba fom gaba da baya, babu gurbin gaisuwa. Likita ya haska idon Ɗantala da tocila, ya tambaye shi ko ya san ranar yau.

Na same shi a wurin ajiye motoci yana warware igiyar hannunsa a hankali, 'ya'yan suna mota suna danna waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ya san kwana talatin sun wuce mako ukun da suka rage a yi masa aiki, ni ma na sani.

"Malam, ko sau ɗaya ban kai hannu ba," ya ce da ni.

Iyayen Hatimi kuwa sun yi nasara, a yaba musu. An yi dambe, ba wanda ya ji rauni, kuma na ji sufeto yana cewa baɗi za su nemi ƙarin kasafi don ɗorewar wannan ci gaba. Ni dai shawarata ga 'yan uwa, in kun hango babban mutum a wannan ƙasa, ku gaishe shi a tsaye.