Ranar da Na Tara Shanu Babu Allura

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Birnin Gwari ba. Lokacin na dawo daga Kaduna da ɗan ilimin rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python, ina jin duk ƙaramar hukumar babu kamata. Wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta ɗauke ni aiki. A can na tarar da Hadiza, wadda ta rubuta musu manhajar da ke tura wa makiyaya saƙon waya idan allurar rigakafin shanu ta iso.

Da JavaScript ta rubuta, yaren da na yi wa sanin shanu. A wani layi na rubutun manhajar ta sa kwamfuta ta ƙirga jerin alluran da ke ofis, sai in sun wuce sifili ta tura saƙo. Na ja tsaki. Mu a Python ba ma wannan wahala: ka ce "idan jeri" kawai, in babu komai a ciki kwamfuta ta san a'a ke nan. Na goge ƙirgen.

"Malam, bar shi yadda yake," in ji Hadiza. "Kowane yare da al'adarsa."

"Wannan ai rubutun 'yan koyo ne," na ce mata, na bar "idan jeri" kawai a wurin. (Ni da watana shida kacal da fara koyon.)

Ashe shi JavaScript ba ya leƙa cikin jeri. Tunda ya ga kwano a rufe, ya ɗauka da tuwo a ciki. Saƙo ya tafi kowace ruga cewa allura ta iso, alhali firjinmu babu ko kwalba ɗaya.

Ranar Laraba na iso ofis na tarar da shanu har bakin titi. Wasu daga wajen Kusasu aka koro su, ta hanyar dajin da ba a bi sai da dalili. Ardo, shugaban makiyayan, ya dube ni.

"Ɗana, kai ne mai na'urar? Tun asuba muke tafe. Ina allurar?"

"Baba, ai jerin ne fanko, shi kuma yaren..."

"To juya ka yi wa shanun bayani, ni ban gane ba."

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Bayan mako biyu allura ta iso da gaske. Muka tura saƙo, babu wanda ya zo, an daina yarda da mu. Kwana uku na yi a kan babur, ruga ruga, ina rantsuwa cewa wannan karon da gaske ne.

Hadiza ta mayar da layinta, ta rubuta a samansa: "Kada Malam ya taɓa." Har yau ban taɓa ba. Yanzu in na ga abin da ban gane ba a aikin wani, tambaya nake fara yi, don na ga adadin shanun da layi ɗaya ke iya korowa.